Ɓeran Fam Goma

Fam goma na biya. Har da keji da kwalbar ruwa da buhun dusar katako, duka bai kai fam hamsin ba. Yarinyar da ke tsaron shagon, a wata unguwa a Manchesta, ta saka mini shi cikin ɗan kwali mai huji, ta yi murmushi, ta ce na iya zaɓe. Wai ɓera shi ne dabbar da ta fi dacewa da wanda bai taɓa kiwo ba: ba ya cin wuri, ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci. Saboda arharsa na raɗa masa suna Kwabo tun kafin mu isa gida. Duk abin da yarinyar nan ta faɗa mini ƙarya ce, kuma ba ita ta ƙirƙire ta ba, ba ta aka yi ta haddace. Da wannan ƙarya nake da faɗa.

Na san ba nan hankalinka ya tafi ba, mai karatu. Tun daga kalmar ɓera ka yamutsa fuska. Ba kai ne na farko ba. Ranar da na nuna wa mahaifiyata shi ta kiran bidiyo, sai da ta matso da wayar daf da idonta.

"Wannan kuma mene ne?"

"Ɓera ne, Inna."

"Irin wanda muke ɗana wa tarko?"

"Danginsa ne, amma shi don kiwo aka haife shi."

Ta yi shiru, har na zaci layi ne ya yanke.

"Da kuɗinka ka saya? Ai da ka yi magana, da yaran gidan nan sun cika maka buhu kyauta. Allah ya shirya."

Ba zan yi jayayya da Inna ba, kuma ba don ita ta haife ni kaɗai ba. Tana da hujja. Wanda ya taɓa kwance buhun masara ya tarar rabinsa ya zama gari da kashi, wanda ɓera ya taɓa cinye wa takardar fili a ƙasan akwati, ba ya buƙatar lacca daga wani mai rubuta manhaja da ke zaune a ƙasar sanyi. Kuma kowa ya san hadisi ya lissafa ɓera cikin dabbobi biyar masu ɓarna da aka halatta kashewa ko da a cikin harami. Wanda ya tsaya a nan, ya ce shi ba zai kiwata ba har abada, ya kama hanya mai tsabta, ba ni da ja da shi. Amma littattafan da suka kawo wannan hadisi su ne dai suka kawo labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kashe mai ɓarna babi guda ne. Ka ɗauki rai da hannunka ka rufe shi a keji, wannan wani babin ne, kuma duk wanda ya shiga cikinsa haƙƙi ya hau wuyansa.

Faɗana da wanda ya raina ɓera kamar yadda Inna ta raina shi, amma maimakon ya ƙyale shi sai ya saye shi. A nan Ingila shi ne uban da ɗansa ya dame shi da kukan kare, ya lissafa kuɗin kare ya ga ba zai iya ba, ya shiga shago ya fito da kwali mai huji. Har da namu a ciki. Na ji da kunnena a wajen wani suna, wani bawan Allah yana cewa, "Mu fara gwada yaron da ɓera tukuna, in ya iya sai a saya masa kyanwa."

A sana'ata muna da wurin gwaji. Kafin manhaja ta isa hannun jama'a, muna ajiye kwafinta a wata kwamfuta inda muke yi mata duk wulaƙancin da muka ga dama. Mu cika ta da bayanan bogi, mu karya ta da gangan, mu goge mu sake ɗorawa. Ba wanda ke jin zafi. To abin da ake nufi da dabbar koyon kiwo ke nan: rai ne aka mayar wurin gwaji. In yaro ya manta da ruwa kwana biyu, ba komai, fam goma ne. Na fi kowa sanin wannan tunani, domin da shi na shiga shagon.

Bari in faɗi abin da ake sayarwa a cikin kwalin nan. Ɓeran kiwo jikan ɓera mai ruwan ƙasa ne, wanda Turawa ke kira ɓeran Norwe ko da yake daga Asiya ya fito, kamar dai ɓeran Masar namu da bai haɗa komai da Masar ba, asalinsa duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka. A Landan ta ƙarni na 19 akwai ramukan caca inda ake zuba ɓeraye a saki kare, jama'a su sa kuɗi kan nawa zai kashe cikin minti kaza. Masu kamo ɓerayen, irin su Jack Black da ke kiran kansa mai kama wa Sarauniya Victoria ɓera, suka riƙa ware masu launi na daban, farare da masu dabbare-dabbare, suna haɗa su aure suna sayar da 'ya'yan ga masu hali. A 1901 wata mata, Mary Douglas, ta kai nata ɓerayen wajen baje kolin dabbobi a garin Aylesbury, a 1976 kuma aka kafa ƙungiyar masu kiwon ɓera ta ƙasa, wadda har yau tana nan. Fiye da shekara 150 ke nan ana zaɓen masu sanyin hali ana barin masu cizo. Abin da ya fito dabba ce da ke gane mai ita, tana zuwa in an kira sunanta, tana hawa kafaɗa ta kwanta, kuma in ka sake ta a waje da wuya ta kai labari. Mutane ne suka mayar da ita haka.

Wata huɗu Kwabo ya yi shi kaɗai. Daga gida nake aiki, kejinsa na kusa da teburina, saboda haka na ɗauka ni ne abokin zamansa. Yakan fito in na buɗe, ya karɓi ɗan wake daga hannuna, ya koma kusurwa ya dunƙule. Na ce ai haka ɓera yake, barci ne aikinsa. Ban san cewa ɓera dabbar dangi ba ne. A inda yake da 'yan'uwa, a tsibi suke kwana, wannan kan wancan, su lashe wa juna wuya da kunne inda harshen mutum ɗaya... inda harshen ɗaya ba ya kaiwa, su yi kokawa, su ƙwace wa juna abinci, su shirya. Kuma mafi yawan wannan harka da magariba ce da tsakar dare da asuba, lokacin da ni, babban abokin, nake sharar barci.

Wannan ba tatsuniyar masu son dabbobi ba ce. A 2011 masu bincike a Jami'ar Shikago, Inbal Ben-Ami Bartal da Jean Decety da Peggy Mason, sun wallafa a mujallar Science abin da suka gani: an kulle ɓera a wani matsattsen bututu, aka bar abokin kejinsa a sake. Cikin 'yan kwanaki na saken ya koyi buɗe ƙofar ya fitar da shi. In bututun ba kowa a ciki, ko an sa ɓeran roba, ba ya damuwa da buɗewa. Da aka ajiye masa cakulan a wani bututun, sai ya buɗe duka biyun, kuma sau da yawa ya rage wa ɗan'uwan. Kafin su, a ƙarshen shekarun 1990, Jaak Panksepp da ɗalibinsa Jeffrey Burgdorf sun gano cewa ƙananan ɓeraye na fitar da wani siririn sauti in suna wasa ko an yi musu cakulkuli, sauti mai kaɗawa wajen sau 50,000 a daƙiƙa. Kunnen mutum a wajen 20,000 yake tsayawa. Ke nan yawancin abin da ɓera ke faɗa ba ma jin sa sam, sai ɓera ɗan'uwansa. Wata huɗu Kwabo na zaune a gidan da ba mai jin harshensa, ni kuwa ina yabon kaina da tausayi.

A Suwizalan tun 2008 doka ta hana ajiye dabbar da ke rayuwa cikin dangi ita kaɗai. A nan Ingila dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba biyan buƙatu biyar, kuma ɗaya daga ciki ita ce a haɗa ta da 'yan'uwanta in irin mai son haɗuwa ce. Duk da haka aka sayar mini da guda ɗaya, ba tambaya ko ɗaya, aka haɗa mini da kejin da ko juyi mai kyau ba zai yi a ciki ba in ya girma. Ba ina wanke kaina ba ne. Mutumin da zai kwana uku yana karanta bayanin wayar da zai saya, amma bai ba wa rai minti goma na bincike ba, ba shi da bakin magana. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shagon da ya san ribarsa ba a ɓeran take ba, a keji da dusa da abincin da za ka yi ta dawowa saye take, ya san abin da ya sa ba ya son ka tsaya tunani a bakin kanta.

Atishawa ce ta fara. Daga nan numfashinsa ya koma kamar kukan tattabara, wata safiya kuma na ga ja a hancinsa da gefen idonsa. Na zaci jini ne. Asibitin dabbobi biyu na kira suka ce su karnuka da kyanwoyi suka fi sani, sai na uku ya karɓe mu. Likitar ta ɗora shi a kunnenta kamar waya, ta saurari ƙirjinsa, ta ce jan ba jini ba ne, wani ruwa ne da ke fita daga bayan idon ɓera, yana yawaita in yana cikin ciwo ko damuwa. Sannan ta tambaye ni, "Sauran fa, su ma suna atishawa?"

Na ce ba sauran, shi kaɗai ne.

Ba ta ce komai ba. Ta rubuta wani abu a takarda. Na sha faɗa a rayuwata, daga malaman allo har zuwa shugabannin aiki, amma ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar shirun matar nan ba.

Abin da ta bayyana mini daga baya shi ne abin da ya kamata a manna a ƙofar kowane shago. Kusan duk ɓeran kiwo yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna maikofilazma a hanyar numfashinsa, tun daga uwa yake samun ta. Takan kwanta lafiya har sai an tsokane ta. Masu tsokanar su ne ƙura, da zarnin fitsari da ke taruwa a ƙaramin keji ko akwatin gilashi marar iska, da ƙamshin wasu itatuwan da ake yin dusar katako da su, da kuma damuwa. Duka huɗun na haɗa wa Kwabo, uku daga ciki kuma a leda ɗaya na fito da su daga shagon. Magani yana kwantar da ciwon, ba ya raba shi da ƙwayar, kuma duk tashin da ta yi sai ta bar tabo a huhu. Ranar na biya fam 70, ninki bakwai na kuɗin mai ciwon.

A nan ne ake gane mai raini. Da na ba wani abokin aikina labari, dariya ya yi ya ce, "Da fam 70 ai ɓera bakwai za ka saya." Haka aka sake gaya mini bayan shekara biyu, lokacin da na biya fam 230 aka cire wa wani ɓeran nawa ƙari a gefen ciki. Lissafin yana da daɗin ji, kuma shi ne ainihin abin da nake yaƙa. Ana auna ciwon dabba da kuɗin da aka saye ta. Ba wanda zai ce wa mai dokin miliyan biyar ya bar shi da ciwon ciki, amma mai ɓeran fam goma sai a ce ya haukace in ya je asibiti. Shin sarƙewar numfashi ta san farashin mai ita? Likita kuwa ba ya rage kuɗin allurar barci don majiyyacin ƙarami ne, sau da yawa ma ƙanƙantar ce ke ƙara wahalar aikin. Kuma ciwo a ɓera ba tsautsayi ba ne da ke faɗa wa marar sa'a. Ciwon huhu ruwan dare ne, matan kuma ƙarin nono na yawan fito musu in sun haura shekara ɗaya da rabi. Wanda bai ware kuɗin likita ba kafin ya sayi keji, ya riga ya yanke wa dabbar hukuncin yadda za ta mutu, bai dai faɗa da baki ba.

Na gyara abin da zai gyaru. Na samo samari biyu, Taro da Sisi, daga wajen wata mata da ke karɓar ɓerayen da aka gaji da su. Ita ce ta fara yi mini tambayoyin da shago bai yi ba: girman kejina, wane likita nake zuwa, wa zai kula da su in na tafi Najeriya hutu. Daga ita na koyi cewa mai ba da ɓera na ƙwarai shi ne wanda ke neman dalilin hana ka. Mako biyu na ware su a wani ɗaki don kada su kawo wata cuta, sannan na haɗa su da Kwabo a cikin bahon wanka, wurin da ba na kowa ba, domin ɓera na kare gidansa kuma baƙo na iya shan mugun cizo in aka jefa shi kai tsaye. Kwana biyar ana kumbura gashi ana ture-ture. A dare na shida na leƙa na ga su uku a cure cikin lilon tsumma, ba ka gane wutsiyar wane ce ta wane. A daren na fara ganin Kwabo yana goga haƙora har idanunsa na rawa, abin da ɓera ke yi in ya natsu.

Kejin yanzu ya kai mini ƙirji, hawa-hawa ne, da igiyoyi da ramuka, tsakanin ƙarafansa bai fi santimita ɗaya da rabi ba domin ƙaramin ɓera na bi ta duk inda kansa ya shiga. Shimfiɗar ta takarda ce marar ƙura. Ana kwashe ƙazanta kullum, a wanke duka duk mako. Kowane dare sai sun fito aƙalla awa ɗaya, kuma ba awar da za ka zauna kana latsa waya ba ce, domin haƙoran ɓera na gaba ba sa daina tsiro kuma bai san bambancin kara da wayar caji ba. Waya huɗu na yi asara, har da ta kwamfutar ofis, wadda na sha wahalar bayaninta. Ba a ɗaga shi ta wutsiya, fatar na iya saluɓewa. Wannan shi ne "ba ya cin wuri, ba ya cin lokaci."

In kuwa ka ce za ka sayi biyu a shago ka huta, to ka duba da kyau. Ɓera na balaga tun yana mako biyar zuwa shida, ciki kwana 21 zuwa 23 ne, haihuwa ɗaya takan kai takwas zuwa goma sha biyu, kuma uwar na iya ɗaukar wani cikin kwana ɗaya bayan haihuwa. Kuskure ɗaya wajen bambance mace da namiji, ko a bar su a akwati ɗaya su wuce mako biyar, sai ka wayi gari da garke. Rabin ɓerayen da ke gidan matar can daga irin wannan kuskuren suka zo mata.

Akwai kuma maganar da ta fi ba ni haushi, wadda ake faɗa kamar talla: ai ba ya daɗewa, shekara biyu zuwa uku ne, ba doguwar ɗawainiya. A tsaya a saurari abin da ake cewa. Ana yabon dabba da saurin mutuwa. Kwabo bai ma kai biyun ba, wata ashirin ya yi, huhun da na lalata masa a watanni huɗun farko shi ya tafi da shi. Kuma gajeren ran ba ya gajarta ɗawainiya, domin in ɗaya ya mutu ba za ka bar na ƙarshe shi kaɗai ba. Ko ka kawo sababbi, su ma wata rana ɗayansu ya rage, ko ka miƙa tsohonka ga wani mai garke a lokacin da ya fi buƙatar hannun da ya sani. Sarƙa ce, kuma ba wanda ke gaya wa mai fam goma cewa ya kama bakinta.

Ba zan ɓoye cuta don ina son su ba. Ɓeran kiwo ma na iya ɗaukar abin da zai kwantar da mutum. Akwai zazzaɓin cizon ɓera, wanda ke kisa in ba a sha magani da wuri ba. A 2017 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi sawun ƙwayar cutar Seoul a gidajen masu kiwon ɓera, daga jihohin Wisconsin da Illinois, ta samu mutum 17 da suka kamu. Shawarar hukumar a fili take: gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar, ko mai juna biyu, ko mai raunin garkuwar jiki, kada a ajiye irin waɗannan dabbobi. Wato ƙananan yaran da ake cewa a gwada su da ɓera, su ne aka ce a nisanta su da shi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan da Hausa, ba da Turanci ba, saƙo ne daga ɗan yayata da ke Zariya, ɗan shekara goma sha huɗu. Ya ga bidiyon Sisi yana zuwa in na kira shi, ya turo mini murya: "Kawu, ni ma zan fara. Akwai ƙanana a sitonmu, zan kama biyu tun suna jarirai in horar da su."

Ban taɓa kiran waya da sauri irin na ranar ba.

Ɓeran sito ba ɓeran kiwo ba ne, kuma kama shi yana jariri ba ya wanke abin da ke cikin jininsa. A ƙasarmu akwai ɓera mai nonuwa da yawa, ƙarami, mai shiga gidaje da rumbuna, shi ne matattarar zazzaɓin Lassa. Cutar ta samo sunanta daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gane ta a 1969 bayan ta kashe ma'aikatan jinya 'yan mishan. Ɓeran da ke ɗauke da ita lafiyarsa lau, ba alamar da za ka gani, yana dai zubar da ƙwayar a fitsari da kashi. Da rani ta fi tashi, daga Disamba zuwa Afrilu. Mutum huɗu cikin biyar da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma na biyar ɗin na iya zubar da jini har ya rasa rai, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai masu rasa ji. Yaro ɗan sha huɗu ba zai bambance wannan ɓeran da wani ba a cikin duhun sito, ni ma da nake kwana ɗaki ɗaya da ɓeraye ba zan yi caca da idona ba.

Ya ce to gafiya fa, ai ya ga ana horar da ita. Gaskiya ne. Ƙungiyar APOPO da ke Morogoro a Tanzaniya tana horar da gafiyoyi su shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka a cikin majina. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya gano nakiyoyi da abubuwan fashewa fiye da 100 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinariya a 2020, ya mutu a Janairun 2022. Amma waɗannan a hannu aka haife su, da likitoci a kansu. Ta daji labarinta daban. A 2003 an kwashi ƙananan dabbobi kusan 800 daga Gana zuwa Tekzas don kasuwar kiwo, har da gafiyoyi. Aka ajiye wasu kusa da wani irin kuregen Amurka da ake sayar wa yara, sai ga ƙyandar biri ta ɓulla a jihohi shida, mutum 47 suka kamu. Daga yankinmu ta tafi, ta hanyar masu ganin ƙaramar dabba ba ta isa a yi mata tambaya ba.

Ko da a ce wani ya kawo masa ɓeran kiwo na ainihi har Zariya, akwai zafi. Ɓera ba ya gumi irin namu, ba ya lallage harshe kamar kare, ta wutsiya yake rage zafin jiki, kuma da ma'auni ya doshi 30 ya fara galabaita. A watan Afrilu, a ɗakin kwano, rana ta haura 40, wuta ta ɗauke tun safe: wannan ba keji ba ne, tanda ce. Sai kuma a nemo likitan da zai saurari ƙirjin ɓera, a garin da likitocin dabbobi ke fama da shanu da kaji da dawaki.

Na ce masa yana da tattabaru goma sha biyu da bai share wa ɗaki ba tun hutun da ya wuce, uwarsa ta gaya mini. Ya yi dariya ya ce zai share. Na ce ya turo hoto. Har yau ina jira.

Taro ya mutu makon jiya, da asuba, a cikin rigata. Sisi ya shekara biyu da wata huɗu, ƙafafunsa na baya sun fara ja, na sauko masa da lilo da kwanon abinci hawan ƙasa. Tun ranar yake zagaya kejin yana shinshina kusurwoyi. Na kira matar nan, ta ce akwai 'yan mako bakwai guda biyu da aka tsinta cikin kwali a bakin wani shago, amma sai ta ga sabon hoton kejin tukuna, kuma sai na faɗa mata wanda zai riƙe su in na tafi gida da Babbar Sallah.